Ranar da Aka Buɗe Kundin 'Yan Hatsi

Ɗanliti ne ya shigo layin 'yan hatsi da lasifika yana shelar babban taro ranar Asabar, wai za a gyara kundin tsarin mulkin ƙungiya. Kowa a Babbar Kasuwa ya san gyaran da ake nufi. Kundin ya ce shugaba zango biyu zai yi ya sauka. Alhaji Babaji kuwa ya cinye nasa biyun har ya siɗe kwano, kuma kujerar ba ta gundure shi ba.

Markus, mutumin Filato mai sayar da acca, wanda ya fi kowa daɗewa a kwamiti, ya ja Alhaji gefe. Ya ce masa kundi ba buhun gero ba ne da za ka huda ka ɗebi mudu guda ka ɗinke. In aka buɗe shi, kowa zai zura hannu ya ciro abin da ransa ke so. Alhaji ya ce ya ji. Bai ji ba.

Matsala ɗaya ce: maza sun rabu biyu, gyara kuma ba ya wucewa sai da rinjaye mai kauri. Sai Ɗanliti, ɗan koren Alhaji, ya kawo dabara. Ga mata masu awo nan, shekara da shekaru suna cikin ƙungiya, ba a taɓa barinsu sun hau layin zaɓe ba. A fara da ba su ƙuri'a. Don godiya kaɗai za su bi Alhaji kamar tumaki.

Da ya kai wa Safara'u albishir, bai samu tukuici ba. Ita ce uwar masu awo, dattijuwa, baki kamar reza. Ta ce ba kyauta aka yi musu ba, haƙƙinsu ne aka danne tun tana goyo. Daga ranar, kullum tana gaban faifanta tana yi wa Alhaji wankin babban bargo, duk layin na ji.

Alhaji bai taɓa tankawa ba. Ko kallon inda take ba ya yi. Ya daina bin layin awo ma gaba ɗaya, sai ya zaga ta wajen 'yan barkono, ya iso shagonsa yana atishawa. A zaman kwamiti ko sunanta ba ya kamawa, sai dai ya ce mutanen layin awo. Ɗanliti ya bi kasuwa yana fassarawa: raini ne, Alhaji ya wuce cacar baki da mace.

Ranar Asabar rumfar taro ta cika. An kawo dafa-duka, Alhaji ya nannaɗe hannun riga, sai ga mata sun shigo, Safara'u a gaba. Ya ture kwanon. Mutumin da ba a taɓa ganin ya bar loma ba. Aka ce tashin hankalin zaɓe ne.

Markus aka ɗora ya ja taron, don ba ya ɓangaren kowa. Gyara na farko ya wuce, mata suka samu ƙuri'a. Aka zo na biyu, cire zango. Safara'u ta miƙe, kowa na jiran ta tayar da ƙura, sai ta ja matanta suka hau layin masu cewa a cire. Ɗanliti ya cire hula ya taka rawa.

Daga nan hannuwa suka fara shiga buhu. Wani ya ce a hana awo da mudu mai lotsattsen gindi, saura kaɗan a ba hammata iska. Wani ya ce a kori dillalai, dillalai suka ce a kore shi. Da ƙyar Markus ya kashe wutar, ya ce tunda Ɗanliti ya nace a yi zaɓe nan take, masu takara su fito.

Safara'u ta tambayi Markus ko wanda ke hawa layi yana iya tsayawa a hau masa. Markus ya sosa ƙeya, ya ce yanzu kam babu abin da ya hana.

Ta fito tsakiyar fili ta gyara mayafi.

Nan take mazan da suka rabu biyu suka koma ɗaya. Suka yi dafifi a inda Alhaji zai tsaya, layi har bakin rumfa, ya ninka na mata. Kujera ta dawo hannu. Abu guda ya rage, al'adar ƙungiya tun kafuwarta: ɗan takara zai tsaya kafaɗa da kafaɗa da abokin karawarsa, ya dube shi ido cikin ido, ya faɗa wa jama'a abin da ya fi shi.

"Alhaji, ga fili," in ji Safara'u. "Taso ka dube ni, ka hwaɗa ma mutane mi ka fi ni."

Alhaji ya tashi. Ɗanliti na raɗa masa, "Ranka shi daɗe, kalma biyu ta isa, ka gama da ita."

Ya tako a hankali. Ya iso kan layinsa, bai tsaya ba. Ya tuɓe takalma ya riƙe a hannu, ya sunkuyar da kai, ya wuce ta gefenta a rusune, ya je can ƙarshen layin mata ya tsaya bayan wata mai awon wake.

Mutanensa suka dubi juna. Wasu suka ɗauka wata sabuwar dabara ce, suka bi shi. Saura suka bi waɗanda suka bi. Aka bar Ɗanliti shi kaɗai, yana rantsuwa asiri aka yi wa maigidansa. Markus ya ɗaga murya ya ce ƙungiyar 'yan hatsi ta yi sabuwar shugaba, ba kuma zango a kanta.

Ba asiri ba ne. Tun watan jiya magabatan Alhaji suka je Batagarawa a ɓoye suka nemo masa auren wata bazawara, Nafisa, ɗiyar Safara'u, kuma surukar tasa ce da kanta ta ce kada kowa ya ji sai an tashi daga taro.