Inda Ganuwar Ta Koma

“Baba, ina ganuwar take?”

Malamar jami'ar ta sake duba tsohon hoton da aka ɗauka daga jirgin sama. A jikinsa ganuwa ta kewaye kufan wani daɗaɗɗen birni a ƙasar Kafur. Shekara huɗu tana neman izinin haƙa wurin don binciken tarihi. Yau ga ta ta iso, ba komai sai masara.

Tsohon manomin da ta tarar a gonar ya sunkuyar da kai. “Mun kwashe ta, 'yata. Duk daminar da ta kayar mana da ɗaki, nan muke zuwa da jakuna. Ƙasarta ba ta tsagewa, mutanen dauri sun iya kwaɓi.”

Ta ninke hoton, idanunta sun ciko.

“Ko kin yi fushi da mu, zo ki sha ruwa.”

A zaurensa ta zauna ta jingina da bango, sai wani abu ya soke ta a kafaɗa. Ta juya. Tsingaron tukunya ne mai zanen igiya, irin wanda take nuna wa ɗalibai, gefensa ga kashin maƙera, ragowar narkakken ƙarfe. Ta bi bangon da tafin hannu har ƙofa, ta leƙa waje: katangu, rumbuna, masallaci, duk jar ƙasar nan ce. A cikin gida ana lallashin jariri.

“Mun yi ɓarna ko?” ya tambaya a hankali.

“Don ta tsare mutane aka gina ta, Baba,” ta ce. “Ban ga ta daina ba.”