Tsakuwa a Tsagar Taya

Shekarar da aka hana motoci yin ƙara a cikin gari, Tukur ya sayi jar motar lantarki mai kujera biyu, irin ta tsere. Hakan bai ishe shi ba, sai da ya sa aka kashe har gurnanin tayoyinta a kan kwalta. Shiru ya nema, ya kuwa samu.

Bai tuna da Inna, mahaifiyarsa, wadda ta daina gani ba. A da tun daga kwanar layi take jin tsohuwar motarsa, ta sa a ɗumama miya. Yanzu wuni take yi a bakin zaure tana kasa kunne.

Da Tukur ya lura da haka, ya je wurin Sallau mai faci ya roƙi a mayar wa motar ƙara.

"Maigida, ƙara zan mayar mata? Na'urorin da ke kan sandunan titi suna saurare, shagona za a rufe." Sallau ya duƙa ya tsinci tsakuwa. "Cusa wannan a tsagar taya in ka kai kwanarku. Ni dai ban ce komai ba."

A kwanar, Tukur ya durƙusa da babbar rigarsa ya cusa ta. Motar ta tafi tana ƙas, ƙas, ƙas. Saura gida uku ya isa, motar ta gyara kanta da kanta, ta tofar da tsakuwar.

Ya fito ya tsaya kusa da Inna. Fuskarta tana wajen kwanar, tana magana ita kaɗai.

"Kamar yaron nan na ji yana tafe. Ashe ya fasa."