Kujerar Direba

Murɗawa ɗaya injin ya tashi, turbo ya yi siririn fito. Makanikin ya goge hannu da tsumma.

Shekara uku mijin mai gidan ya yi a ƙarƙashin tsohuwar motar nan, duk ranar hutu, abincinsa na hucewa a kan benci. Ta yi mita, ta yi gaba, har ta taɓa ce masa sai dai ya ƙarasa gyaran a lahira. Yau wata biyar da rasuwarsa. Ta sa abokinsa, makanikin nan, ya kammala aikin ne don ta sayar, ta huta da ganinta.

"Matar abokina, shiga ki ji lafiyarta kafin mai saye ya zo."

Ta shiga. Ƙafarta ta sauka daidai kan birki, ita da ko a kujerar falo ƙafafunta reto suke yi.

"Kai ka matso da kujerar?"

Ya sunkuyar da kai. "Shi ya yanke ƙarfen ya yi walda, tun shekarar farko. Ya ce mai motar gajeriya ce, kada in gaya miki sai ta tashi."

Ta kifa goshi a kan sitiyari, ta kasa kashe motar.