Rijiyar da Rairayi Ya Binne

Gyara zama in ba ka misali, kai da kake ganin abin da ka sani ya ishe ka.

A wata shekarar fari rijiyoyin wani ƙauye suka ƙafe, har maza suka fara shawarar ƙaura. Wani mahaƙin rijiya ya ƙi yarda, domin mahaifinsa ya taɓa gaya masa akwai tsohuwar rijiya a filin yamma da gari, an rufe bakinta da falalen dutse, rairayi ya binne ta. Kwatance ɗaya ya gada: in ka jingina da kukar bakin gari ka fuskanci tsaunin yamma, rijiyar tana gabanka sak. Sai ya ja igiya daga kukar ya miƙe da ita, ya kama haƙa. Amma tsakanin kuka da tsauni tafiya ce mai nisa. Ya tona nan, ya tona can, tafin hannunsa duk ya yi bororo, akuyarsa ta mutu da ƙishirwa, 'yan kallo ma suka gaji suka watse.

Yana zaune a bakin wani rami, ya yi tagumi, sai ga tsohuwa mai ginin tukwane ta zo neman yumɓu a ƙasar da ya tono. Da ta ji abin da yake nema, ta ce, "Ɗan nan, ni ban san zancen kuka da tsauni ba. Amma ina yarinya, in na tsaya jan guga, gawon arewa yana bayana, giginyar kudu tana tsakiyar idona." Ya miƙe ya ja igiya ta biyu daga gawo zuwa giginya. Inda igiyoyin suka gitta juna, nan ya kafa digarsa. Kafin la'asar ƙarfe ya daki dutse. Aka taru aka ɗaga falalen, sanyin laima ya bugi fuskarsa. Ya jefa tsakuwa, ya kasa kunne, ya ji ta faɗa ruwa tsulum. Ya zube a ƙasa yana ta hamdala. Matan da suka ɗaure kaya suka koma suka kwance.

Kwatancensa gaskiya ne, nata ma gaskiya ne, amma sai da suka haɗu wuri ya fito. Shi ya sa Bahaushe ya ce, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.