Kwalba Ta Uku

Karo na uku ke nan yana sa jinin kwalba ta uku a cikin sabuwar na'urar, kuma tun safe bai zauna ba.

A ɗakin gwajin jini na asibitin, Ba-Kuskure ake ce masa. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki ba a taɓa dawo masa da takarda ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba a rubuta suna a jikin kwalba, sai lamba, don kada tausayi ya shiga aiki. Yau kwalabe uku ne a gabansa. Ta ɗaya ta wata yarinya ce 'yar shekara goma sha ɗaya da ke kwance a ɗakin marasa lafiya na sama, sikila ta kama mata ƙirji. Ta biyu ta uwarta ce. Ta uku ta mutumin da ya ce ba shi ya haife ta ba.

Yarinyar na da wata takwas aka fara gwada su, da tsohuwar hanya. A ɗiga jini a kan takarda, a sakar mata wutar lantarki, kowane irin hemogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iska a jini, ya yi gudunsa, A a gaba, S a baya. Uwa ta fito AS, 'ya ta fito SS, uba AA. Ko ɗalibin da ya fara jiya ya san sikila sai an gado ta daga ɓangare biyu. Mijin kuwa mutum ne da ya yarda da takarda fiye da rantsuwa. Matar ta rantse, ta yi kuka, ta roƙi a sake gwaji a wani wuri. Ya ce jini ba ya ƙarya. Kafin rana ta faɗi tana gidan iyayenta da goyo, su ma kallonta suke a kaikaice. Wanda ya sa hannu a ƙasan waccan takarda, Ba-Kuskure ne.

Wata sabuwar likitar jini ce ta tono maganar. Ta duba jinin yarinyar ta ga ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje, yadda aka saba gani, amma sun cika ƙanƙanta, kuma sun koɗe. Ta ce a sake gwada iyayen. Uwar ta miƙa hannu nan take, ta ce uban kam kada a ɓata lokacin nemansa. Abu ɗaya take roƙo: numfashin yarinyar yana ja da baya, ga shi tun da ta yi wayo take tambayar wane ne ubanta. A samo mata amsa tun tana iya ji.

Duk da haka, da safe sai ga kwalba ta uku a kan tebur. Masu karɓar marasa lafiya ba wanda ya tuna ya ga mutumin. Wata tsohuwar abokiyar aikin Ba-Kuskure ta kalli kwalaben, ta kalle shi, ta ɗauki jakarta ta ce za ta cin abincin rana. Ƙarfe goma ko yi ba ta yi ba.

Na'urar ta yi ƙara, ta turo takarda. Irin ta karo na farko da na biyu ce sak. A zanen da ke jikinta, ga dogon tudun A, ga kuma wani ɗan ƙaramin tudu kusa da shi da ya haura inda ya kamata ya tsaya. Ya sauya ruwan gwajin, ya wanke allurar, ya ɗora wa na'urar laifin da ba nata ba. Tsoro yake ji, irin wanda bai taɓa ji ba.

Likitar ta shigo da sauri, ta karɓi takardar daga hannunsa. Ta ce talasimiya ce. A wajen uban, gado ɗaya yana aikinsa lafiya, ɗayan kuma shiru yake, ba ya ƙera komai, shi ya sa tsohuwar takarda ta ga A kaɗai. Yarinyar ta ɗauki S a wajen uwa, ta ɗauki shirun a wajen uba, sai ya zama ba abin da ke yawo a jininta sai S. Iskar jini na raguwa, S ɗin su manne da juna, ƙwayar ta lanƙwashe ta toshe hanya.

"Ashe tasa ce," in ji shi.

"Ba abin da ya taɓa hana ta zama tasa. Wane ne ya sa hannu a tsohuwar takardar?"

"Ni ne."

Ta ce za ta kai wa uwar. Ya ce a'a, wanda ya ɓata shi ke gyarawa.

Kwana shida yarinyar na kwance, duk sakamakon da za a kai sama masinja yake bai wa. Yau da ƙafarsa ya hau, yana haki, yana addu'ar Allah ya sa bai makara ba. Ya same ta an sa mata robar iska a hanci, idonta biyu, ƙirjinta na ɗagawa da ƙyar. Uwar na zaune a gefen gado tana shafa mata ƙafa. Ta rame, furfura ta fara fito mata kafin lokaci.

Ya tsaya, ya buɗe takardar, ya fara karanta mata lambobi da muryar aiki. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ba ni za ka karanta wa ba, Malam. Ni na sani tun ranar da ka kore ni," ta ce. "Matso kusa, karanta wa 'yarka."