Abin da Shiru Ya Riƙe

"Sarki biyu fa, Kubura! Sarki biyu ne a kartata, na ajiye na janye!"

"Ko goma ka ajiye. Rantsuwa ka yi, in ka faɗi gasar yau, kai da poker har abada. Goge app ɗin daga wayarka."

Ja'afaru ya zube a kujera. Shekaru ke nan cacar waya tana cinye masa barci, ita kuma matarsa Kubura ta yi faɗa har muryarta ta gaji. Maƙwabta ma sun haddace rigimar, don bangon gidajen unguwarsu Longsight, a Ingila, ba kauri.

"Ba za ki gane ba," ya ce. "Akwai wani ɗan wasa, wai shi Shiru. Duk Asabar yana nan, na daɗe ina lura da shi. Ba ya shiga sai da babbar karta. Yau ya turo duk abin da ke gabansa. In irinsu suka yi haka, ko me ka riƙe ajiyewa ake yi. Daga nan wasan ya lalace mini."

Kubura tana kwance jakarta, dawowarta ke nan daga Birmingham. Ko kallonsa ba ta yi ba.

"Bakwai da biyu ne a hannun Shiru," ta ce. "Kartar banza, barazana ce kawai."

"Ke ina kika sani?"

"Baban Umair, duk Asabar nake ce maka na tafi kitso wajen Na'ima a Birmingham. Ka taɓa duba kaina?"

Ya duba. Tsohon kitso ne, har ya tsefe. Ashe Kubura ce Shiru.

Ya wurga mata wayar ta goge da kanta, ya fita, ya bugo ƙofa.