Motar da Ba Ta Tashi Sai Hantsi

Ka ce mini abin ya lalace ne haka kawai, ba gaira ba dalili. To, gyara zama in ba ka misalin wani direba.

A wani ƙauye na bakin kogi yake, yana da tsohuwar a-kori-kura wadda fentinta ya daɗe da koɗewa. Aikinsa guda ne: kullum bayan sallar asuba ya kwashi matan da ke sarin ɗanyen kifi a hannun masunta, ya kai su kasuwar birni kafin rana ta yi zafi. Shekara da shekaru motar ba ta ba shi kunya ba, sai wata damina. Ya murza makulli, inji ya yi ta gurnani yana juyawa, amma ya ƙi kamawa. A tura, a sake turawa, shiru. Sai hantsi ya dubi ludayi, kifi ya fara saki a cikin daro, sannan taɓawa ɗaya ta tashi kamar ba ita ba. Sau uku a mako guda matan suna komawa gida su yi bandar kifin da ba don banda suka saro shi ba. Ya yi ta kai ta gareji. Aka canza batir, aka wanke kabireta, aka sa sababbin filogi, kuma a gaban bakanike lafiya lau take tashi, don da rana yake isa can. Daga ƙarshe bakaniken ya goge hannu da tsumma ya ce inji ne ya gaji, ko a sauke shi ko a kira 'yan gwangwan. Wasu a tasha kuwa suka ce sammu ne.

Direban bai yi musu da kowa ba, amma zancen bai kwanta masa ba. Injin da ya gaji, me zai wartsakar da shi da hantsi? Agogo yake dubawa? Sai ya shiga lura. Ranar da gari ya waye garau, motar takan tashi. Ranar da aka tashi da lumshi, iska ta yi nauyi, gishiri ya jiƙe a kwanon matarsa, ashana ta ƙi kamawa, to ranar ita ma za ta ƙi, ko da ɗigon ruwa bai sauka ba. Ya lulluɓe ta da tampol, bai hana ba. Ya juya gabanta gabas ya ɗaga bonet, sai ta tashi da wuri fiye da jiya. Nan ya gane akwai wani abu a ciki da rana ke busarwa. Amma wanne ne a cikin tarkacen nan? Rannan da azahar ya kunna ta ya bar ta tana aiki, ya ɗauko buta. Yana jiƙa yatsu yana yarfa ruwa wuri ɗaya bayan ɗaya, ya kasa kunne. Kan batir, ba komai. Kan kabireta, ba komai. Da ya iso kan wani baƙin murfi mai wayoyi, wanda ke raba wa filogi wuta, sai inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya tsaya da buta a hannu yana murmushi shi kaɗai, har maƙwabcinsa ya leƙo ta katanga yana tambayar ko lafiya.

Sai dai ya duba murfin ta waje, bai ga aibinsa ba tukuna. Washegari aka tashi da lumshi, motar kuwa ta ƙi. Tsohuwar da ke shugabantar matan ta ja shi gefe, ta gaya masa ba da faɗa ba cewa sun yi magana da wani mai mota a ƙauyen gaba; in yau ma kifi ya saki, daga gobe shi za su bi. Ya roƙe ta ta shiga gaba ta murza masa makulli.

Ta ce, "Ɗan nan, ni da ko keke ban taɓa hawa ba?"

Ya ce, "Iya, murzawa ce kawai, kamar ta kwaɗon ɗakinki."

Ta hau da bisimilla, shi kuma ya sunkuya a kan inji. Da yake gari bai gama wayewa ba, sai ya hango 'yar wuta shuɗiya tana tsalle a jikin murfin, tana bin gefe maimakon ta bi waya. Ya ɓalle murfin ya juya shi. Cikin murfin ya yi gumi sharkaf, ga wata tsaga siririya kamar silin gashi, wadda danshi ke shiga ta nan. Ya goge shi da bakin riga, ya je murhun mai koko ya ɗan gasa shi har ya bushe, ya mayar. Tsohuwa ta sake murzawa, mota ta kama nan take, ita kuwa ta saki makulli tana salati, matan suna mata dariya. Ranar kifinsu ya isa kasuwa da ransa. Kafin ya baro birni ya sayi sabon murfi, abin da aljihunsa ma ya ɗauke. Tsohon murfin kuma ya kai wa bakaniken. Mutumin ya ɗaga shi sama yana duba tsagar a hasken rana, sannan ya ce sau huɗu ana kawo masa motar nan, bai taɓa tambayar a wane lokaci take ƙi ba. Motar ta ƙara damina biyar tana kai kifi birni.

Saboda haka kafin ka yar da abu, ko ka ɗora wa wani laifinsa, tsaya ka duba yaushe yake yi, yaushe kuma yake bari. Shi ya sa Hausawa suka ce: ruwa ba ya tsami banza.